Yadda Ake Gano Abin da Ya Kashe Siginar Gajeren Zango a Hanyar Ƙuryar Arewa

Siginar gajeren zango da ke ratsa saman ƙuryar arewa ta duniya ba ta da tabbas. Yau ta iso tangaram, gobe a neme ta a rasa, rediyo ya yi tsit har mai aiki ya fara zargin wayar eriyarsa ce ta tsinke. Abubuwa huɗu ne ke jawo haka: walƙiyar da ke fashewa a fuskar rana, iri biyu na ƙwayoyi masu caji da ke zubowa a ƙurya, da raunin da iskar sama ke yi bayan guguwar maganaɗisu, kuma ba magani ɗaya suke ci ba. Akwai ranar da hawa firikwansi na sama ke ceto maganar, akwai ranar da shi ne zai ƙarasa kashe ta. Don haka kafin a taɓa komai sai an san wanne ne a cikin huɗun, kuma ana saninsa ne da awo.

Abin da ke can sama

Daga tsayin kilomita 60 zuwa fiye da 500, hasken rana yana farfasa ƙwayoyin iska, iliktiron su kuɓuce su riƙa yawo. Wannan yanki shi ne ayonosfiya. Shimfiɗar F, wadda ta fi kauri wajen kilomita 250 zuwa 350, ita ce ke lanƙwaso sigina ta dawo ƙasa. Iyakar firikwansin da take iya mayarwa idan an harba shi sama tsaye, wato foF2, ya danganta da yawan iliktiron: idan akwai tiriliyan 1 a kowace mita kubik (mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi), iyakar megahaz 9 ce. A tsalle ɗaya na kilomita 3,000, inda sigina ke shiga a karkace, iyakar takan kai kusan ninki 3 na wannan.

Shimfiɗar D, daga kilomita 60 zuwa 90, ba ta mayar da gajeren zango. Shanye shi take yi. Iskar wurin tana da sauran kauri, duk iliktiron da sigina ta girgiza sai ya yi karo da ƙwayar iska, ƙarfin siginar ya koma zafi. Ƙananan firikwansi sun fi shan wuya. Ke nan kullum ana aiki ne tsakanin katanga biyu: D ta tokare daga ƙasa, F ta tokare daga sama.

Abin da ya bambanta ƙuryoyin duniya shi ne maganaɗisu. A can layukansa suna saukowa kusan tsaye, wasu ma a buɗe suke zuwa sararin samaniya, sai ƙwayoyi masu caji su bi su su zubo cikin iska. Tsakiyar wannan tsari ba ta kan ƙuryar taswira. Tana wajen digiri 81 arewa, 73 yamma, a tsibirin Ellesmere na Kanada. Shi ya sa gari a Kanada ya fi fuskantar matsala a kan gari a Saiberiya ko da suna kan layi ɗaya a taswira. Kewaye da wannan tsakiya akwai zoben orora, inda hasken nan mai launi ke bayyana a samaniya da dare, wajen digiri 67 na maganaɗisu ta ɓangaren dare, wajen 75 ko fiye ta ɓangaren rana. Cikin zoben shi ake kira hular arewa. Kudu ma tana da nata zoben da tata hular.

Fara da zana hanyar

Kada ka dogara da shimfiɗaɗɗiyar taswira. Nemi manhajar da ke zana gajeriyar hanya a kan dunƙulen duniya, ka duba inda hanyarka ta fi kusantar ƙurya, sannan ka mayar da wurin zuwa digirin maganaɗisu. Daga Kano zuwa Anchorage ta Alaska, alal misali, eriya na fuskantar digiri 349, kusan arewa sak, tafiyar kilomita 11,700 ce, kuma hanyar tana kaiwa wajen digiri 80 arewa. Tana shiga zoben, ta keta hular, ta sake fita ta zoben. Daga Kano zuwa Los Angeles kuwa ana fuskantar digiri 314, hanyar ba ta wuce digiri 46 arewa. A ranar lumana ba ruwanta da zoben, sai guguwar maganaɗisu ta buɗa shi kudu ya tarar da ita.

Wurin da ya fi muhimmanci shi ne inda sigina ke huda shimfiɗar D, sau biyu a kowane tsalle: tana hawa, tana saukowa. Ga tsalle na kilomita 3,000, wuraren biyu suna 'yan ɗaruruwan kilomita daga kowane ƙarshe. Rubuta su, ka kuma lura da sa'o'in da rana ke haska kowanne, don lissafin gaba yana buƙatar hakan.

Kafa hanyar shaida

Idan hanya ɗaya kake saurara, ba ka da yadda za ka bambance matsalar sama da ta na'urarka. Ana buƙatar aƙalla hanya biyu: wadda ta ratsa ƙurya, da wata mai kusan tsawonta da ba ta je kusa ba. Mai sauraro a Afirka ta Yamma na iya ɗaukar Afirka ta Kudu ko Kenya a matsayin shaida.

Tashoshin alama na ƙasa da ƙasa na NCDXF da IARU, ƙungiyoyin masu sha'awar rediyo, sun dace da wannan aiki. Su 18 ne, suna karɓa-karɓa a megahaz 14.100, 18.110, 21.150, 24.930 da 28.200, kowace daƙiƙa 10, su zagayo cikin minti 3. Kowace takan aiko sunanta da haruffan Mos, sannan dogayen sautuka huɗu: wat 100, wat 10, wat 1, da kashi goma na wat. Tsakanin kowane biyu desibel 10 ne, desibel kuwa shi ne ma'aunin bambancin ƙarfin sigina. Idan ka saba jin huɗun daga VE8AT ta arewacin Kanada ko OH2B ta Finlan, yau kuma na farko kaɗai ke isowa, ka yi asarar kusan desibel 30, kuma kunne kawai ya gaya maka. Sai ka jira ZS6DN ta Afirka ta Kudu da 5Z4B ta Kenya su zo a layinsu. In suna nan yadda suke, na'urarka lafiya lau.

Don rikodi na dare da rana, WSPR, tsarin dijital na gwada yaɗuwar sigina mai rauni, ya fi sauƙi. Rediyon SDR, wato wanda manhajar kwamfuta ke sarrafawa, eriyar waya, da kwamfuta sun isa, kuma sauraro kawai ba ya bukatar watsa komai. Saita megahaz 14.0956, 10.1387 da 7.0386. Kowane saƙo yana farawa a minti mai lambar da ke rabuwa biyu cif, ya ɗauki daƙiƙa 110 da ɗoriya, kuma ana iya tsinto shi har wajen desibel 28 ƙasa da ƙara. Agogon kwamfuta kada ya kauce fiye da daƙiƙa 1, in ba haka ba saƙonni za su ɓace ka ɗora wa rana laifin da ba nata ba. Rubuta komai da agogon GMT, ba na Najeriya da Nijar ba, wanda ke gaba da sa'a 1.

WSPR yana da tarko ɗaya babba a wannan hanya. Sautukansa huɗu tazararsu haz 1.46 kacal ce. Ayonosfiyar zoben orora tana gudu, tana watsa firikwansin sigina da haz da yawa, wani lokaci gommai. Sai manhajar ta kasa karantawa alhali siginar na nan da ƙarfinta. Duba hoton firikwansi a allo: in layin ya zama ɓaɓɓake mai fāɗi, watsuwa ce, ba shanyewa ba.

Riyomita

Na'urar da ke auna shanyewa kai-tsaye ita ce riyomita, wadda C. G. Little da H. Leinbach suka ƙera a Alaska, suka bayyana ta a 1959. Ba ta watsa komai. Tana sauraron ƙarar da gungun taurarinmu ke zubowa ne, ƙarar da ba ta canzawa daga shekara zuwa shekara. Idan ta ragu, shimfiɗar D ce ta sha.

Dole riyomita ta zauna ƙarƙashin wurin da ake son aunawa. Wadda aka kafa a Kano ko Damagaram za ta ga shanyewar walƙiyar rana, amma ba za ta taɓa ganin ta hular arewa ba. Wanda ke nesa sai ya karanta alƙaluman tashoshin can, kamar na cibiyar Sodankylä a Finlan da na Kanada. Duk da haka sanin yadda ake haɗa ta shi ke sa a san inda alƙalumanta ke yin ƙarya.

Firikwansin aiki megahaz 30 ne ko 38.2. Dole ya ɗara foF2 sosai don ƙarar ta keto F, kuma kada ya yi sama har shanyewar ta ƙanƙance ta gagari awo. An fi son 38.2 a wurare da yawa domin yana cikin yankin da aka ware wa masu nazarin taurari, ko da yake kariyar ba cikakkiya ba ce. Ga megahaz 30, eriya mai hannu biyu tsawonta mita 4.77, kowane hannu wajen 2.38, a ɗaga ta mita 2.5 sama da ƙasa. Ga 38.2, tsawon mita 3.74, tsayin 1.96. A ƙarƙashinta a shimfiɗa ragar waya irin ta kejin kaji, aƙalla mita 6 a kowane gefe, a ɗaure gaɓoɓinta su haɗu sosai. Ragar na juya kunnen eriya sama, amma babban aikinta shi ne raba eriyar da ƙasa. Ƙasar can kusa da ƙuryar arewa daskararriya ce rabin shekara, jiƙaƙƙiya sauran rabin, kuma in babu raga, sauyin nan kaɗai zai fito a rikodi kamar shanyewa. Yawancin tashoshi suna gitta eriya biyu, amma ɗaya ma tana aiki.

Daga eriya sai balan, 'yar na'urar da ke daidaita eriya da waya, sai wayar kowaks mai kauri irin RG-213, wadda ke cin desibel 3 zuwa 4 a kowace mita 100 a wannan firikwansi. A binne ta ko a rufe ta, don asararta na bin zafi da sanyi. Sai matatar firikwansi mai yanke tashoshin gajeren zango daga ƙasa da na FM daga sama, sai amfilifaya, sai rediyon. Faɗin sauraro kilohaz 150 zuwa 250. A kashe tsarin da ke daidaita ƙarfi da kansa. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa ga masu haɗawa da SDR: tsarin yana ƙara ƙarfi daidai lokacin da ƙarar ta ragu, ya goge abin da ake nema.

Tsohuwar riyomita tana da na'urar ƙara a cikinta wadda take kwatanta eriya da ita ba ƙaƙƙautawa, shi ya sa sauyin amfilifaya bai dame ta ba. Mai SDR sai ya yi kwatankwacin haka: makunni da ke juya rediyon daga eriya zuwa sananniyar ƙara na 'yan daƙiƙu, kamar kowane minti 10, sannan zuwa rufaffiyar hanya mai om 50 don a san ƙarar rediyon kansa. A ɗauki awo kowace daƙiƙa, a ajiye na tsakiya a kowane minti. Na tsakiya, ba matsakaicin jimla ba, domin tartsatsin inji ɗaya yana iya jan matsakaici sama.

Layin ranar lumana

Ƙarar sama ba ɗaya ba ce a ko'ina. Tana ƙaruwa idan farin zanen taurarin nan ya ratso saman eriya, ta ragu idan ya kauce, kuma wannan hawa da sauka kan kai girman shanyewar da ake farauta. Saboda haka sai an gina layin da ke nuna abin da ya kamata a ji a kowane lokaci in babu shanyewa.

Ana gina shi da agogon taurari, ba na rana ba. Ranar taurari sa'a 23 ce da minti 56 da daƙiƙa 4. Bambancin minti 4 ɗin nan yana taruwa ya zama sa'a 2 a wata, kuma wanda ya jera bayanansa da agogon bango zai ga shanyewar bogi tana tafiya a hankali cikin rikodinsa. Tara awon mako 2 zuwa 3, ka raba ranar taurari gida-gida na minti 5 ko 10, ka zuba kowane awo a gidansa. A kowane gida ɗauki na kusa da sama, tun da shanyewa ƙasa take ja, amma kada ka ɗauki na ƙololuwa, don katsalandan da ƙarar rana sama suke ja. Wajen kashi 90 cikin 100 wuri ne mai kyau na farawa. Sannan a sassauta layin ya yi santsi, a kuma sake gina shi kowane mako biyu ko bayan ƙanƙara ta lulluɓe eriya.

Shanyewa a desibel ita ce 10 sau logaridim na ƙarar layin lumana a raba da ƙarar da aka ji, bayan an cire ƙarar rediyon daga kowanne. Ƙara ta koma rabi, desibel 3 ke nan. Idan ba a cire ta rediyon ba, manyan aukuwa za su fito ƙanana. Idan kuma lissafi ya ba da lamba ƙasa da sifili daidai lokacin walƙiya, rana ce ke ihu a firikwansin, kuma ihun na iya rufe shanyewa ta gaske da ke ƙarƙashinsa. A yi wa waɗannan mintuna alama a ware su.

Daga lambar riyomita zuwa hanyarka

Desibel 2 a riyomita kamar ba komai ba ne. Ga abin da yake nufi ga mai aiki a megahaz 10. Shanyewa na ƙaruwa yayin da firikwansi ke raguwa. Littattafai kan ce da ninkin kai na rabon, amma idan shanyewar ta sauko ƙasa sosai inda karo ya yi yawa, ƙarfin 1.5 ya fi dacewa, kuma shi taswirar D-RAP mai nuna shanyewar D, ta hukumar NOAA ta Amurka, ke amfani da shi. Rabon 30 da 10 shi ne 3, ƙarfin 1.5 ya mai da shi 5.2, desibel 2 sun zama 10.4. Riyomita tsaye take kallo, siginarka kuwa a karkace take shiga. Wadda ta tashi da digiri 10 sama da ƙasa tana yin tafiyar da ta ninka ta tsaye sau 4.4 cikin D. Kuma sau biyu take hudawa. Jimla wajen desibel 90 a tsalle ɗaya.

A megahaz 20, wannan lissafin yana ba da wajen desibel 32. Da yawa ne, amma sigina mai ƙarfi na iya tsira. Ƙara wuta daga wat 100 zuwa 1,000 kuwa desibel 10 kawai yake sayowa, wato zura dogon guga ne a rijiyar da ta ƙafe.

Bambance huɗun

Na farko, walƙiyar rana. Haskenta na X yana isowa cikin minti 8 da daƙiƙa 20, ya kaurara D a duk ɓangaren duniya da rana ke kai. Yana faɗowa farat ɗaya, ya warware cikin minti 20 zuwa sa'a 1 ko 2. Alamarsa ita ce hanyar shaida ma ta mutu, har ta fi ta ƙurya mutuwa in tana ƙarƙashin rana tsaka. Tauraron ɗan'adam na GOES na auna shi. Firikwansi mafi sama da abin ya taɓa ana ƙiyasta shi da 10 sau logaridim na ƙarfin hasken, a ƙara 65: walƙiya mai daraja M1 ta kai megahaz 15, X1 ta kai 25. Maganinsa jira.

Na biyu, shanyewar hula, kuma ita ce mai tsawon rai. Furoton, ƙwayoyi masu caji da rana ke harbowa, masu ƙarfin miliyoyin bolt, suna biyo layukan maganaɗisu su cika hular baki ɗaya, daga wajen digiri 60 zuwa 65 na maganaɗisu zuwa sama, arewa da kudu lokaci guda. Sukan iso daga minti 20 zuwa sa'o'i bayan walƙiya, musamman wadda ta tashi a gefen yamma na fuskar rana, inda layukan maganaɗisun rana suka fi haɗuwa da duniya. A 20 ga Janairu 2005 sun iso cikin kusan rubu'in sa'a. Aukuwar 23 ga Fabrairu 1956, wadda D. K. Bailey ya bi diddiginta a hanyoyin rediyon da ke kusa da ƙuryar arewa, ita ta sa aka gane abin da kyau. A riyomita layinta santsi ne, ba tsalle-tsalle, tana kwana 1 zuwa mako, kuma hanyar shaida ba ta ji komai.

Babbar alamarta ita ce tana bin hasken rana. Da dare iliktiron suna manne wa iskar oksijin su zama nauyayan ƙwayoyi da ba sa shan sigina. Rana na fitowa ta ɓamɓare su. Ƙiyasin da D-RAP ke bi a megahaz 30 shi ne: da rana, 0.115 sau tushen ninki na yawan furoton masu ƙarfi sama da MeV 5.2 (MeV ɗaya ƙarfin bolt miliyan ne), da dare, 0.020 sau tushen na masu sama da MeV 2.2. Idan lambar 400 ce, tushenta 20, da rana desibel 2.3. Da dare, ko da ƙananan furoton sun fi yawa, sakamakon yakan tsaya ƙasa sosai. A kula, jadawalin GOES da aka fi nunawa na sama da MeV 10 ne, wanda ake gina matakan S1 zuwa S5 a kansa daga 10 zuwa 100,000. In ka zuba wannan lambar a lissafin, za ka samu ƙasa da gaskiya. Ana ɗaukar rana ce idan tana sama da digiri 10 bisa sararin ƙasa, dare kuma idan ta nutse fiye da digiri 10. Tsakanin nan riƙon ƙwarya ne. A watan Yuni tsakiyar hular arewa ba ta ganin dare, saboda haka babu sassauci ko na sa'a ɗaya. A Disamba abin ya juya kan tashoshin Antaktika.

Na uku, shanyewar orora. Iliktiron masu ƙarfi sama da keV 30 (keV ɗaya ƙarfin bolt dubu ne) ne ke zubowa a zoben. Ba ta da santsi: tsalle-tsalle ne na mintuna zuwa 'yan sa'o'i, a fili mai faɗin gomman ko ɗaruruwan kilomita, ta fi yawa wajen tsakar dare da kuma hantsi a agogon wurin. Riyomita biyu masu tazarar kilomita 300 na iya saɓa wa juna, abin da ba ya faruwa a shanyewar hula. Shi ya sa aka gina masu idanu da yawa, kamar ta Kilpisjärvi a Finlan mai ido 49 a megahaz 38.2. A kunne murya na rawa tana kakkarwa. Tana tafiya da lambar Kp, ma'aunin girgizar maganaɗisun duniya daga 0 zuwa 9, kuma ana samun gargaɗin minti 15 zuwa 60 daga taurarin ɗan'adam da ke kilomita miliyan 1.5 ta wajen rana: in maganaɗisun iskar rana, Bz, ya juya kudu ya zauna, a shirya.

Na huɗu shi ya fi ruɗa mutane, don riyomita ba ta ganinsa. Bayan guguwa, zafin da ya shiga iskar ƙurya yana tura naitirojin sama cikin F, iliktiron su riƙa ɓacewa da sauri, foF2 ta faɗi. Abin kan ɗauki kwana 1 zuwa 3 yana malalowa kudu. Manyan firikwansi su ne ke mutuwa, ƙananan na nan. Ayonosond ce ke nuna shi, na'urar da ke harba sigina sama tana hawa firikwansi tana auna amsar. In hotonta ya nuna foF2 ta ragu, wannan ne. In hoton ya fito fanko ba amsa ko kaɗan, shanyewa ce ta cinye harbin, ba wai F ta ɓace ba.

Ƙarshen Oktoba 2003 ya jero su duka. Ranar 28 da ƙarfe 11:10 agogon GMT walƙiya mai daraja X17 ta kai ƙololuwa, Afirka da Turai na tsakar rana, kuma lissafin sama ya ba da megahaz 37, wato gajeren zango gaba ɗaya. Furoton suka biyo baya har suka kai 29,500, matakin S4. Curin gas ɗin da rana ta amayar ya iso cikin kusan sa'a 19, Kp ya kai 9. A 10 da 11 ga Mayu 2024 ma Kp ya kai 9, amma furoton ba su wuce S2 ba. Girman Kp ba ya gaya maka girman shanyewar hula, kowanne da jadawalinsa.

Matakin ɗauka

A shanyewar hula ko ta orora, hau sama, kusa da iyakar da F za ta iya ɗauka, ka kuma tsara magana a sa'o'in da wuraren huda D suke cikin duhu. A faɗuwar foF2, sauko ƙasa. Idan biyun sun haɗu, katangar ƙasa ta haura ta sama, babu firikwansin da ya rage, sai a nemi tashar da ke kudu da zoben ta miƙa saƙon. Juya eriya baya don bin doguwar hanya ba mafita ba ce kai-tsaye: hanyar da ta kai digiri 80 arewa, ɗaya rabinta na kaiwa digiri 80 kudu, kuma furoton na can ma. Tana amfani ne kawai idan hular kudu na cikin duhun hunturunta. Idan watsuwa ce matsalar, bar tsare-tsaren dijital masu ƙuncin sauti, Mos da kunne ya fi su jurewa.

Jiragen sama masu ratsa ƙurya sun fi kowa damuwa da wannan, domin sama da wajen digiri 82 taurarin ɗan'adam masu tsayuwa wuri ɗaya suna faɗawa bayan sararin ƙasa. Abin da ya rage shi ne gajeren zango ko taurarin Iridium, su 66 a tsayin wajen kilomita 780, waɗanda shanyewar D ba ta dame su ba. Tun Nuwamba 2019 cibiyoyin da hukumar ICAO ta sufurin jiragen sama ta duniya ta naɗa ke fitar da gargaɗi, kuma iyakokinta sun dace da kowane mai aiki: desibel 2 a riyomitar megahaz 30 matsakaici ne, 5 mai tsanani, Kp 8 da 9, walƙiya X1 da X10, faɗuwar iyakar firikwansi da kashi 30 da kashi 50 cikin 100.

Idan GPS ne ke kuskure

A megahaz 1575.42, inda GPS ke aiki, shanyewa ba ta da tasiri, matsalar daban ce. Idan Bz ya juya kudu, gutsattsarin iska mai yawan iliktiron, masu faɗin kilomita 100 zuwa 1,000 da kauri ninki 2 ko fiye na kewayensu, suna ɓallewa daga ɓangaren rana su keta hular da gudun mita ɗaruruwa zuwa 1,000 a daƙiƙa. Kowane ma'aunin TEC 1, wato awon jimlar iliktiron a kan hanyar siginar, yana jinkirta siginar daidai da santimita 16, kuma gefunan gutsattsarin suna sa ta kyarma har na'ura ta saki tauraron. Ana auna kyarmar da na'ura mai ɗaukar awo 50 a daƙiƙa, a lissafa kowane minti 1, a watsar da taurarin da ke ƙasa da digiri 30 don amsa-kuwwar gine-gine da duwatsu tana kama da kyarma.

Manhajoji da yawa suna tace sauyin hankali a haz 0.1, lambar da aka gada daga wuraren da ayonosfiya ke tafiya sannu. A ƙurya gudun ya yi yawa, lanƙwasar sigina ta yau da kullum tana tsallake matatar, sai a ga kyarmar zango mai girma ba tare da kyarmar ƙarfi ba. Kafin a kira shi kyarma ta gaske, a duba ma'aunin kyarmar ƙarfi, wanda shi ma S4 ake kiransa amma ba matakin furoton ba ne, a kuma sake lissafin da matata mafi sama. Mai kwatanta alƙaluman tsibiran Svalbard da ke kusa da ƙuryar arewa da na Najeriya ya riƙe wannan: layin tsakiya na maganaɗisu yana ratsa Najeriya, kyarmar nan ta bayan faɗuwar rana ce, daga kumfar da ke tasowa a ƙasan F, ta ƙarfi ce fiye da ta zango, kuma tana zuwa ko da Kp na kwance a 1.